Filin Dabaru: Ɗaurin ƙyalle a sanda, yadda za a iya kwance shi

Kaka ta ƙarato. A irin wannan lokaci abu uku ke haɗuwa a Jiratawa da sauran garuruwan bakin Gulbin Maraɗi. Sauro bai tafi ba tukuna. Masu garka sun fara gyara fangalin renon shu da tumati da salati. Hadarin ƙarshen damina kuma yakan zo da iska mai yawa, ruwa kaɗan. Gidan da aka shiga duka, akwai wani ƙyalle a miƙe bisa sanduna. Ga sange, wato gidan sauro, a tsakar gida. Ga tampol bisa hatsi. Ga buhunan taki da aka farke, aka haɗa, aka yi rumfa da su. A garka kuma ga raga bisa iri.

Duk waɗannan kuɗɗi ne. Amma da yawansu ba su kai tsufa. Suna yagewa tun suna da ƙarfinsu, kuma in aka duba yagar, daga wurin ɗauri take farawa. Wani ya buga ƙusa. Wani ya huda ya zura waya. Wani ya yi ƙullin da sai da wuƙa ake raba shi da sanda. To, maganar wannan wata ke nan. Ƙyallen da za a miƙe bisa sanda, a yi masa ɗaurin da ke riƙewa ƙam, amma wanda yaro ma zai iya kwancewa da hannu cikin duhu.

Abin da ƙusa ke yi ma ƙyalle

Ƙarfin ƙyalle a wurin zarensa yake. Zare ɗaya ba shi da wani ƙarfi, amma dubu in suka ja tare ba su tsinkewa. Ƙusa tana yanke zare kaɗan wurin shigarta. Daga nan duk jan da iska za ta yi, a kan zare biyu ko uku na bakin hudar yake faɗawa. Na farko ya tsinke, na biyu ya gaji nauyinsa, shi ma ya tsinke. Haka yaga ke tafiya har ƙarshen ƙyalle. In ruwa ya taɓa ƙusar, tsatsa ta shiga, ita ma tana cin zare. Waya ta fi ƙusa ɓarna, don ba ta zama wuri ɗaya. Tana motsi da iska, tana yanka kamar zarto.

Iska kuwa ba a rena ta. In gudunta ya ninka sau 2, ƙarfin da take tura tampol da shi yana ninkawa sau 4. Shi ya sa rumfar da ta yi wata uku lafiya lau take tafiya cikin dare ɗaya. Ruwa ma yana da nasa nauyi. Litir 1 na ruwa kilo 1 ne. In tampol ya yi ciki, ruwa ya kwanta a wuri mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1, zurfinsa santimetir 5 kawai, to litir 50 ke nan. Nauyin buhun takin zamani guda ne a rataye. Ƙusa ba za ta ji komi ba, ƙyallen ne zai biya.

Babban laifin ƙusa dai shi ne ba ta fita. Hadari ya taso daga gabas, mai rumfa yana gani, ba abin da zai iya sai kallo.

Makiyaya sun riga kowa gane wannan. Tantin fata na Abzinawan Azawak yana da igiyoyin fata a gefensa, da su ake ɗaure shi ga sanduna. Ranar tashi mata su kwance, su naɗe, su aza ma jaki ko raƙumi, a ci gaba. Haka Bafillace da dangwalin maruƙansa. Kowane maraƙi da zoben igiyarsa da ƙullinsa. A tura ƙullin cikin zobe ya kama, a fid da shi ya saki. Wannan dabara ce mai garka ke bukata.

Don me ake son a riƙa kwancewa

Gonakin ban ruwa na Jiratawa an buɗe su ne a farkon shekarun 1980, faɗinsu ya haura hekta 500, kuma ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke kula da su tare da ƙungiyoyin manoma. Da, auduga da alkama da dawa suka fi yawa a wurin. Daga baya zogale da yajin yawo da kayan miya suka ci fili. Kayan miya kuwa da reno suke farawa. Irin shu da tumati na cikin gwangwani ko ƴar takarda yana da tsada. Wanda fangalin renonsa ya lalace ya yi hasara biyu: kuɗɗin iri, da sati uku ko huɗu da ba za su dawo ba. Shi zai kai kaya kasuwar Maraɗi ran Litinin ko Juma'a bayan kowa ya kai, lokacin da daraja ta faɗi.

Babban abokin gaban shu wani ɗan malam buɗe littafi ne mai launin toka. Da maraice da dare ya fi tashi. Ya sauka bisa ganye, ya yi ƙwai, ƙwan ya zama tsutsa, tsutsa ta cinye ganye ko zuciyar shukar. Masu bincike a Kwatano, ƙasar Benin, sun fid da sakamakon wani gwaji a 2006. Sun rufe shu da raga irin ta sange. Suna rufewa ƙarfe 5 na maraice, suna buɗewa ƙarfe 9 na safe. Tsutsar ta ragu ƙwarai, har ragar ta fi feshin magani kare shukar.

To, don me ba su bar ragar a rufe dare da rana ba? Don akwai ƙananan ƙwari, irin su darɓa da farin ƙuda, waɗanda ke ratsa idon raga. In raga ta zauna a rufe kullum, su suna ciki suna hayayyafa, ƙwarin da ke cin su kuma suna waje ba hanyar shiga. Ga zafi da ke taruwa a ciki da rana. Ke nan ragar reno aikinta a rufe, a buɗe, a rufe, a buɗe, har ranar dashe. Wanda ya kafe ta da waya ba zai yi wannan ba. Kwana uku zai gaji, ya bar ta yadda take.

Gidan zariya

Dabarar da ta fi kowace kyau, kowa yana sanye da ita a ƙugunsa. Wando ba a huda shi a ɗaura igiya. Ana naɗe bakinsa a ɗinke, zariya ta bi ta ciki. Haka za a yi ma tampol ko buhun rumfa. A naɗe gefensa, tela ya ɗinke, sanda ta shiga ta ciki daga wannan kai zuwa wancan. Nan duk zaren ƙyallen ne ke ja tare, ba wanda aka bar ma nauyi shi kaɗai. Ranar kwancewa a zare sandar, shi ke nan.

Abin lura shi ne awo. A tafi ma tela da sandar kanta, ko guntunta na wajen kauri. A zagaya ta da ƙyallen, a ƙara faɗin yatsa 3, sa'an nan a sa alamar ɗinki. In gidan ya matse, sanda ta sha raɓa ta kumbura, ba ta fita sai an yi kokawa. A ce ma tela ya bi ɗinkin layi 2, da zaren roba, ya kuma maimaita a bakin gidan, don nan ne yake fara warwarewa. In tampol ne, kada ɗinkin ya yi ƙanana ƙanana. Kowane sukan allura huda ce, in suka yi kusa da juna tampol zai rabe a kan layin kamar takarda.

Ita ma sanda a gyara ta. A feƙe ƙayoyi da gaɓoɓi, a goge da dutse ko yashi har hannu ya bi ba ya jin komi. Reshen bedi ko turare mai miƙewa ya isa. Ba sai an sare itace ba. Tun shekarun 1980 da manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, rassan da ake ragewa a gona kowace shekara sun isa yin sandunan rumfa da na sange.

Ƙwallo da zarge

Ba kowa ke kusa da tela ba, kuma wani lokaci tsakiyar dare ne kunnen ƙyalle ke cirewa. Ga dabarar da ba ta son allura. A samu abu mai santsi, mai zagaye. A sa shi ta bayan ƙyalle, nesa da baki kamar faɗin tafin hannu. A dunƙule ƙyallen bisansa kamar yadda mata ke ƙulle kuɗɗi a bakin zane. Sai a zarga igiya a wuyan dunƙulen, a ja. Iyakar jan da aka yi, iyakar kamun da zai yi, kuma ba huda ko ɗaya. Tampol yana son babba, kamar ƙwallon goruba wanda aka cinye aka goge. Sange da ragar reno suna son ƙarami, kamar ƙwallon magarya ko ƴar tsakuwar gulbi. Kada a sa tsakuwa mai kaifi.

Ɗayan kan igiyar shi ke zuwa ga sanda. A zagaya sanda sau 2, a lanƙwasa sauran igiyar, a tura lanƙwasar ƙarƙashin zagayen, a matse, a bar jela a waje. Jan jelar nan sau ɗaya yana sakin ɗaurin duka. Irinsa ne ake yi ma jaki a bakin rijiya.

Wanda ke da tsohuwar robar cikin taya, ta keke ko ta moto, ya yanka ta zobe zobe ko tsawo tsawo, ya sa tsakanin igiya da sanda. Roba tana miƙewa in iska ta buga, tana komawa in ta wuce. Ita ke shan dukan maimakon ƙyalle. Rana tana cinye ta, sai a riƙa canza ta in ta fara tsagewa.

Matsin tiyo

Wannan ta fi dacewa da garka. Masu injin ban ruwa ba su rasa tsohon tiyo da ya fashe. A yanka shi gunduwa gunduwa, kowace tsawon santimetir 10. A tsaga kowace gunduwa a tsaye. In tiyon mai tauri ne, a cire kamar kashi ɗaya cikin uku na zagayensa, don ya iya buɗa baki. A goge kusurwoyin da dutse, ko a ɗan gasa su a wuta su yi laushi, don kaifinsu ne ke yaga raga. To, sai a aza ƙyalle bisa sanda, a danna gunduwar bisansa. Ta kama kamar baki. In za a cire, a sa babban yatsa a ɗaga.

Kaurin tiyon ya zo daidai da na sanda. In ya fi ta faɗi ba ya kamawa. Shi ya sa matsin tiyo ya fi son ƙarfen gini ko tiyon roba mai tauri, waɗanda kaurinsu ɗaya ne daga kai har gindi. Siririn ƙarfe yana son siririn tiyo, irin na man moto. A sa matsi ɗaya kowane kamu ɗaya, wajen da iska ke bugowa kuma a ƙara. Tsohon tiyo aka ce. Kada gobe a ji wani ya yanke na ƙungiya mai aiki, ya ce a jarida ya karanta.

Ga fangalin reno mai faɗin metir 1, a kafa bakan ƙarfe ko na ɗanyen reshen sabara, ɗaya kowane metir 1. Tsayinsu ya kai kamu ɗaya, yadda ganye ba zai taɓa raga ba. In ganye ya manne da raga, ƙwaron yana iya yin ƙwai ta waje.

Maganar sange

A nan ba kuɗɗi kaɗai ke tafiya ba, har da rai. Sauron da ke kawo masassara da dare yake cizo, kuma daga tsakiyar damina zuwa kaka ne gidajen likita ke cika da yara. A watan Disamba na 2005 aka fara raba sange mai magani kyauta a faɗin ƙasar Nijar, wajen miliyan 2, tare da ɗigon rigakafin shan inna. Tun daga nan an sha maimaita rabon. Masu yin sangen nan sun yi shi ne don ya kai shekara 3, ya jure wanki 20. Amma a gidaje da yawa ba ya kaiwa. Dalilin bai wuce biyu ba: rana da yaga.

Rana tana rage ƙarfin maganin da ke jikin zaren, tana kuma busar da zaren kansa. Lokacin zafi mutane a waje suke kwana. Sangen da aka ƙulle ga sanduna huɗu a tsakar gida, in ƙullin mai wuya ne, uwar gida ba za ta tsaya kwance shi da safe ba. Ga daka, ga ɗiban ruwa, ga yara. Sai ya wuni cikin rana, akuya ta ja, kaji su hau, yara su yi lilo da shi. Laifin ba nata ba ne, na ɗaurin ne. In mai gida ya sa ma kowace sanda ƴar igiya mai guntun kara ko itace a bakinta, tsawon ɗan yatsa, to kunnen sange sai a saƙala shi a nan kamar maɓallin riga. Kunne huɗu, saƙalawa huɗu. Da safe a fid da su, a ninke sange, a kai ɗaki. Bai kai tsawon lokacin hura wuta ba.

Kada a ja sange ya yi tauri kamar ganga. A bar masa ɗan saki, gindinsa kuma ya isa a cusa shi ƙarƙashin tabarma ko katifa ta kowane gefe. Sanduna su fi faɗin shimfiɗa kaɗan, don hannun yaro ko ƙafarsa kada su manne da raga, sauro ya cije shi ta waje. In kunne ya cire, ƙwallon magarya da zarge su maye gurbinsa a daren nan, ba sai gobe ba. Ƴar huda kuma a ɗinke ta ko a ƙulle ta ranar da aka gan ta. Makiyayi mai tashi yau nan gobe can, sanduna huɗu da igiyoyinsu ya ɗaure su tare da sangen, su riƙa tafiya wuri ɗaya.

Akwai maganar da ya kamata a faɗa. Wasu suna karɓo sabon sange daga rabo, su wuce da shi garka su rufe iri, yara suna kwana a fili. Wannan ba ciniki ba ne. Fangalin shu duka bai kai kuɗɗin jinyar yaro ɗaya ba, balle ransa. Wanda ya tsufa, ya yage, aka samu madadinsa, shi ne na garka. A wanke shi, a ɗinke hudojin, zai yi aikin reno sosai. Amma ko tsoho ne, kada a kai shi tafkin Madarumfa ko gulbi a kama kifi da shi. Idonsa ƙanana ne, yana kwashe har ƴaƴan kifi, ga kuma sauran magani a jikinsa.

Naɗewa bisa sanda

Asabarin ƙofa ya riga ya koya ma kowa. Da safe a naɗe shi sama, da rana a sake shi. Labulen rumfar mai tebur a kasuwar Tibiri ko ta Maraɗi haka ya kamata ya zama. A yi masa gidan zariya sama da ƙasa. Sandar sama tana rataye da shi. Sandar ƙasa ita ce ta naɗi, kuma nauyinta ke hana iska wasa da shi. A ɗaura igiya 2 a sandar sama ta baya, su sauko, su zagayo ƙarƙashin sandar ƙasa, su hau ta gaba, su bi ta bisan sandar sama su dawo hannu. In aka ja su tare, labule yana naɗe kansa yana hawa. A saƙala su a turke, ya tsaya inda ake so.

Sandar naɗi dole ta zama miƙaƙƙiya. Karkatacciya tana naɗe gefe ɗaya fiye da ɗaya, ƙyalle ya tattare. Gora ko tiyo mai tauri sun fi reshe a nan. In babu gidan zariya, a kama bakin ƙyalle da matsin tiyo, a zagaya sanda da shi sau 2. Daga zagaye na biyu ƙyallen ne ke danne kansa, matsin hutawa yake yi. Masaƙi ma haka yake fara naɗe saƙarsa bisa sandar da ke gabansa.

A fangalin reno, gefe ɗaya na raga a danne shi da ƙasa ko ƴan buhunan yashi, ya zauna nan har dashe. Ɗaya gefen a kama shi ga sandar naɗi. Da maraice a warware ta bisa bakan, sandar ta kwanta ƙasa ta wancan gefe, nauyinta ya toshe kafa. Kai da gindin fangali a tattara ragar, a zarge ga turke. Da safe a naɗe. Fangalin da ya wuce metir 4 ko 5 a raba masa raga biyu da sanda biyu, in ba haka ba sai mutum biyu. Manyan gidajen leda na noman tumati a Maroko da Sifen ma haka suke buɗe gefensu su sha iska. Dogon bututun ƙarfe ne, da matsi na roba, da hannun juyawa. Kuɗɗin ne ya bambanta.

Rumfunan shago na kamfani suna da wata dabara kusa da wannan. Bututun yana da kwari a jikinsa, bakin ƙyallen kuma an ɗinke igiya a cikinsa. Ana zura igiyar ta bakin kwarin, ta bi har ƙarshe, ba ta fita ta gefe. Wanda ya sayi irinta kada ya ɓanɓare ta da ƙarfi. Ta inda ta shiga ta nan take fita.

Sauran ƴan abubuwa. Tampol bisa hatsi ko rumfa, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ruwa ya samu gangara. Kan kowace dirka a kifa masa tsohon gwangwani ko a naɗe shi da tsumma, kada ya huda. In dole sai an huda tampol, a kai ma baduku ya sa masa facin fata ciki da waje kamin ya huda, igiya ta ci fata ta bar tampol. Buhun taki kuwa ba ya son rana ko kaɗan, wata kaɗan yake yi ya koma gari, don haka ranar da ba kasuwa a sauke shi.

In aiki ya ƙare, kada a naɗe ƙyalle da damshi, yana yin fumfuna ya ruɓe. A bari ya bushe a inuwa, a kakkaɓe, a naɗe bisa sandarsa, a rataye a azarar ɗaki inda gara da ɓera ba su kai. Matsin tiyo da ƙwallaye da igiyoyi a zuba su cikin gwangwani ɗaya, a rataye kusa da shi. Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai yi magana a kan gyaran rumbu kamin a zuba sabon hatsi.